Daga Wisconsin Zuwa Llandysul: Bin Salsalar Iyalin Lloyd Jones

Frank Lloyd Wright, shahararren mai zanen gine-gine na Amurka wanda ya rasu a 1959, ya fi tinƙaho da dangin mahaifiyarsa a kan na mahaifinsa. Gidan da ya gina wa kansa a 1911 kusa da garin Spring Green na jihar Wisconsin ya raɗa masa suna Taliesin, sunan wani mawaƙin Wales na ƙarni na 6, kuma ya kafa shi ne a cikin kwarin da kawunnansa suka yi noma. Mahaifiyarsa, Anna Lloyd Jones, an haife ta a Wales wajen 1838, aka ƙetare teku da ita tana ƙarama a 1844 tare da mahaifinta Richard, da mahaifiyarta Mary wadda aka fi sani da Mallie, da 'yan'uwanta shida. Ɗaya daga cikin yaran, Nany, ta rasu a kan hanya, sannan aka haifi wasu huɗu a Amurka. Wannan iyali ya dace da nazari domin an yi rubutu mai yawa a kansa, saboda haka ana iya jera abin da zuri'ar ta faɗa game da kanta kusa da abin da takardu suka nuna, a ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Tambayar da ke gaban mai bincike ita ce yadda zai tashi daga wani kwari a tsakiyar Amurka ya gano gida guda a cikin tuddan yammacin Wales, alhali sunan da ke hannunsa shi ne Jones.

Ka'idar wannan aiki ita ce a fara daga na kusa a koma baya, kuma tun daga matakin farko lamarin Wright ya nuna dalilin hakan. Shekaru da dama yana cewa an haife shi a 1869, littattafai suna kwafa daga bakinsa, har sai da masanin tarihi Thomas Hines ya koma ga takardun hukuma ya wallafa sakamakonsa a 1967, aka tabbatar da cewa 1867 ce shekarar. Ranar 8 ga Yuni ce, a garin Richland Center. Sunan tsakiya da ya tashi da shi ma Lincoln ne, ya ɗauki Lloyd bayan rabuwar iyayensa a 1885. Idan mutumin da duniya ta sani zai rage wa kansa shekara biyu a yarda da shi tsawon lokaci haka, to bai kamata a ɗauki shekarun da wata tsohuwa ta faɗa wa jikokinta a matsayin hujjar da ba ta buƙatar gwaji ba. Kabari ma yana iya ruɗar da mutum. A maƙabartar Unity Chapel, ƙaramar majami'ar da iyalin suka gina a kwarin a 1886, akwai dutse mai sunan Wright, amma tun 1985 aka tone gawarsa aka kai Arizona. Maƙabartar dai tana da amfani ƙwarai, domin a nan ne 'yan'uwan suke kwance kusa da juna, ana iya haɗa sunaye da shekarun zuri'a guda a wuri ɗaya.

Takardun hukumar Amurka suna kai mutum bakin teku ne su tsaya. Iyalin sun sauka a birnin Niyok a ƙarshen 1844, wato kafin a buɗe cibiyoyin karɓar masu ƙaura na Castle Garden a 1855 da tsibirin Ellis a 1892, don haka neman su a rajistar waɗannan wurare ɓata lokaci ne. Abin da ake da shi na wancan zamani shi ne jerin fasinjoji da doka ta wajabta wa matuƙan jiragen ruwa su miƙa tun daga 1820, wanda ke ɗauke da suna da shekaru da sana'a da ƙasa, ba ya faɗin ƙauye. Ƙidayar Amurka ta 1850, wadda ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa a gida, ita ma ƙasar haihuwa kawai take nunawa. A lokacin iyalin suna Ixonia, inda suka fara zama kafin su koma gefen Spring Green. Sunan gundumar asali yakan fito ne daga wasu wurare: sanarwar rasuwa a jaridun da 'yan Wales suka buga da harshensu a Amurka, irin su Y Cyfaill da aka fara a 1838 da Y Drych a 1851, ko rubutun da ke cikin Littafi Mai Tsarki na gida, ko wasiƙu. Masu rubuta irin wannan sanarwa sun saba ambaton gunduma da gidan da mamacin ya fito, domin sun san masu karatu za su so su gane ɗan wa ne. A lamarin nan aikin ya zo da sauƙi saboda ƙanen Anna, Jenkin Lloyd Jones, ya zama fitaccen malamin addini a Shikago, yana cikin waɗanda suka shirya taron addinan duniya na 1893, kuma tarihinsa ya nuna an haife shi ranar 14 ga Nuwamba 1843 kusa da Llandysul a lardin Cardigan. Yawancin iyalai ba su da irin wannan ɗa, kuma a nan bincikensu yake maƙalewa.

Da an ƙetara zuwa Wales sai matsalar suna ta taso. Har zuwa ƙarni na 16 mutanen Wales ba su da sunan dangi da ake gada. Ana kiran namiji da sunansa, sai kalmar ap ko ab mai nufin ɗan wane, sai sunan uba, mace kuma a sa mata ferch. Bayan dokokin 1536 da 1543 da suka haɗe Wales da tsarin shari'ar Ingila, manyan masu ƙasa suka fara ɗaukar sunan dindindin, talakawan karkara kuma suka bi a hankali, wasu yankunan har cikin ƙarni na 19. Daga ap Hywel aka sami Powell, daga ab Owen aka sami Bowen, daga ap Rhys aka sami Price, amma mafi yawa sun ɗauki sunan uba ne suka ƙara masa harafi ɗaya a ƙarshe, ɗan John ya zama Jones, ɗan David ya zama Davies, ɗan Evan ya zama Evans. Bahaushe ba zai sha wahalar gane tsohon tsarin ba, domin Musa Ibrahim idan ya haifi Sani, Sani Musa za a kira shi, kuma Ibrahim biyu a unguwa ɗaya ba sa nufin dangantaka. Da yake sunayen maza da ake yayi a wancan lokaci kaɗan ne, sai ya zama a farkon rabin ƙarni na 19 sunaye goma kacal sun ɗauke fiye da rabin mutanen ƙasar. Babban magatakardan rajistar haihuwa da mutuwa ya rubuta a rahotonsa na 1856 cewa idan aka yi shelar sunan John Jones a kasuwar Wales, ba a kira kowa ba.

Abin da wannan yake nufi ga iyalin da muke bi shi ne wanda ya shiga rajistar Wales yana neman Lloyd Jones yana iya wucewa ta kansu bai sani ba. Lloyd ya zo ne daga ɓangaren mahaifiyar Richard, kuma haɗa sunan uwa da na uba dabara ce da iyalai da yawa suka yi don su bambanta kansu da sauran masu suna Jones. Mallie kuwa sunan gida ne, a takarda Mary za a gani, 'yar gidan Thomas. Richard Jones da Mary Thomas a yammacin Wales suna da yawa kamar ƙasa.

Sunan gari ma sai an yi hattara da shi. Tsofaffin takardu sukan rubuta Llandyssul ko Llandyssil, kuma akwai wani ƙauye dabam mai suna Llandyssil a lardin Montgomery, can kusa da iyakar Ingila, mai nisa sosai daga wanda ake nema. Dukansu suna ɗauke da sunan waliyyi guda ne, Tysul. Na iyalin nan yana bakin kogin Teifi, wanda ya raba lardin Cardigan da na Carmarthen. A 1974 an narkar da lardin Cardigan cikin Dyfed, a 1996 aka dawo da shi da sunan Ceredigion, don haka takarda ɗaya tana iya kasancewa a ƙarƙashin suna uku gwargwadon lokacin da aka tsara kundin. Sannan Llandysul a bakin mai ƙaura yana nufin gundumar coci ce gaba ɗaya, mai faɗin gaske, wadda ta ƙunshi ƙananan ƙauyuka kamar Pontsian da Rhydowen da Prengwyn da gonaki masu yawa da ke warwatse a kwarin kogin Clettwr.

A ganina mabuɗin aikin gaba ɗaya shi ne sunan gida. A karkarar Wales kowace gona da kowace bukka tana da suna, kuma maƙwabta suna kiran mutum da sunan gidansa ne maimakon sunan danginsa. Gidan da ake danganta iyalin Richard da shi sunansa Blaenyralltddu, kusa da Pontsian. Sunan bayanin wuri ne: blaen shi ne kai ko goshin wuri, allt a kudu maso yammacin Wales gangara ce mai itatuwa, ddu kuma baƙi. Sanin waɗannan gaɓoɓi yana da amfani na zahiri, domin magatakarda sun rubuta irin wannan suna ta hanyoyi dabam-dabam, wani ya haɗe shi, wani ya rarraba, wani ya yar da gaɓar tsakiya, kuma na'urar bincike a intanet ba ta san cewa duk wuri ɗaya ba ne. Tun 2017 akwai kundin tsofaffin sunayen wurare na Wales da hukumar kula da tsofaffin gine-gine ta ƙasar take riƙe da shi, wanda ke tattara rubuce-rubucen suna ɗaya ya ɗora su a kan taswira. Richard Jones ba ya bambanta kowa, amma Richard Jones na gida kaza mutum ɗaya ne a zamaninsa. Sai dai 'yan haya suna yawan sauya gida, shi ya sa ya kamata a duba gidan da aka rubuta a haihuwar kowane yaro, kada a ɗauka duka bakwai ɗin a ɗaki ɗaya aka haife su.

Sa'ar da aka yi a wannan lamari ita ce iyalin ba su tashi ba sai 1844, domin shekaru bakwai na ƙarshen zamansu sun faɗa daidai lokacin da hukuma ta fara rubuta talakawa da gaske. Ranar 1 ga Yuli 1837 aka fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales. Haihuwar Jenkin a 1843 ta shigo cikin wannan zamani, manyan yayyensa kuwa an haife su kafin a fara rajistar. Takardar haihuwa tana nuna wurin haihuwa, da sunan uba da sana'arsa, da sunan uwa kafin aure, wato abubuwan da ke raba Jones da Jones. Llandysul tana ƙarƙashin yankin rajista na Newcastle Emlyn ne, wanda ya ratsa iyakar larduna, saboda haka wanda ya taƙaita bincikensa ga lardi ɗaya zai iya rasa abin da yake nema. Ya kamata a kuma tuna cewa sai a 1875 aka ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa, kafin nan akwai yaran da ba su shiga littafi ba.

Ƙidayar da aka yi daren 6 ga Yuni 1841 ita ce kaɗai ta Birtaniya da za ta iya riskar iyalin a gida da sunayensu. Tana da rauni: ba ta faɗin dangantakar mutanen gida, tana zaftare shekarun wanda ya haura 15 zuwa biyar-biyar, kuma game da wurin haihuwa tana tambaya ne kawai ko a cikin lardin aka haifi mutum. Ta 1851 ta fi ta inganci nesa ba kusa ba, domin ta rubuta gundumar haihuwa, amma a lokacin sun shekara shida a Wisconsin. Duk da haka ta 1841 tana bin gidaje ne ɗaya bayan ɗaya da sunayensu yadda mai ƙidaya ya taka, kuma jerin sunayen yara bisa tsarin haihuwarsu, Thomas, John, Margaret, Mary, Anna, shaida ce da ke da wuyar maimaituwa a wani gida. Ta 1851 ma ba a yar da ita, domin a cikinta ake ganin waɗanda aka bari a baya.

Hanya ta uku ita ce taswirar ushirin coci. Dokar 1836 ta mayar da ushirin amfanin gona da ake ba Cocin Ingila ya zama kuɗi, kuma don a ƙayyade abin da kowa zai biya aka auna gundumomi tsakanin 1838 da 1850. Kowace taswira tana tafe da littafi mai nuna mai ƙasa, da wanda ke zaune a kai, da lambar kowane fili da girmansa, sau da yawa har da sunan filin. Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Aberystwyth, wanda aka kafa a 1907, ya ɗora taswirorin Wales fiye da dubu a intanet, an daidaita su da taswirar yau, ta yadda mutum zai iya gane shingen da ya kewaye gonar kakansa yana zaune a gidansa. Raunin wannan hanya shi ne mai ƙaramar bukka da ke haya a ƙarƙashin wani manomi sau da yawa ba ya fitowa da sunansa. Richard yana haɗa noma da ɗinkin huluna ne, kuma irinsa suna kan iyakar waɗanda ake rubutawa da waɗanda ake tsallakewa. Waɗannan shekaru su ne kuma na boren Rebecca, daga 1839 zuwa 1843, lokacin da manoman kudu maso yammacin Wales suka riƙa shigar mata suna farfasa shingayen karɓar kuɗin hanya saboda tsananin talauci, abin da ke nuna irin halin da aka bari a baya.

Kafin 1837 sai a koma ga littattafan addini, kuma a nan ne aƙidar iyalin take shigowa. Su 'yan ɗariƙar Unitarian ne, Kiristocin da ba su yarda da aƙidar Triniti (Allah ɗaya cikin uku: Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) ba, wadda sai a 1813 doka ta daina hukunta mai musanta ta. Yankin da ke tsakanin Llandysul da Lampeter da Aberaeron shi ne matattararsu a Wales, har abokan hamayyarsu suka yi masa laƙabi da Y Smotyn Du, wato baƙin tabo. Ƙidayar masu ibada ta 1851 ta nuna cewa mafi yawan masu zuwa ibada a Wales ba Cocin Ingila suke zuwa ba, majami'u masu zaman kansu suke zuwa. Illar wannan ga mai bincike ita ce rajistar cocin gunduma, wadda aka umarci a fara tun 1538, ba lallai ta ƙunshi baftismar yaran irin wannan gida ba. Littattafan majami'u kuwa ba su da tsari ɗaya: wasu an miƙa su ga gwamnati bayan 1837 suna ma'adanar takardun ƙasa a Kew da ke Landan, wasu suna Aberystwyth, wasu sun tafi da malamin da ya rubuta su sun salwanta. Aure ne ya fita dabam. Daga 1754 zuwa 1837 doka ta ce ba auren da ya halatta sai wanda aka ɗaura a Cocin Ingila, in ban da na Yahudawa da Kiristoci 'yan ɗariƙar Quaker. Tunda Richard da Mary sun fara haihuwa kafin 1837, aurensu a littafin cocin gunduma za a neme shi komai ƙin jininsu ga koyarwarsa, kuma sunayen shaidun da suka sa hannu a ƙasa sukan zama 'yan'uwa.

Wanda ya je wurin da ƙafarsa zai ga abin da takarda ba ta nunawa. A Rhydowen akwai majami'u biyu masu sunan Llwynrhydowen, kuma baƙo yana iya tsayawa a wadda ba ita ba. Tsohuwar, wadda gininta na yanzu na 1834 ne, ita ce iyalin suka sani a tsaye kafin su tashi. A 1876 mai ƙasar, maigidan Alltyrodyn, ya kulle ta ya kori jama'ar saboda malaminsu William Thomas, wanda aka fi sani da Gwilym Marles, yana goyon bayan 'yan haya a siyasa, sai suka gina sabuwa a gaba kaɗan. A Prengwyn kuma akwai Pantydefaid, ɗaya daga majami'u biyu na farko da suka fito fili da sunan Unitarian a yankin a 1802. Duwatsun kaburbura a waɗannan wurare galibi da harshen Wales aka rubuta su, saɓanin rajistar coci da ke da Turanci ko Latin, kuma kalmomi kaɗan sun isa a karanta su: er cof am na buɗe rubutun tunawa, bu farw na gabatar da ranar rasuwa, priod abokin aure ne, mab ɗa, merch 'ya, gynt o kuma na nuna gidan da mamacin ya taɓa zama. Kusan kowane dutse yana ɗauke da sunan gida a bayan sunan mutum.

Akwai wani gado na iyalin da bincike ya sauya wa matsayi. Takensu shi ne Y Gwir yn Erbyn y Byd, gaskiya ko da duniya za ta ƙi, tare da wata alama ta layuka uku, kuma zuri'ar ta riƙe su a matsayin abin da ya zo daga malaman Wales na zamanin jahiliyya. Asalinsu yana komawa ne ga Edward Williams, wanda aka fi sani da Iolo Morganwg, magini kuma mawaƙi da ya rayu daga 1747 zuwa 1826, ya kafa taron mawaƙa na Gorsedd a Landan a 1792, daga baya masana suka gano cewa ya ƙirƙiri da yawa daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da ya ce ya kwafo. Taken bai kai tsufan da ake ba shi ba, amma hakan bai raba shi da iyalin ba, domin Iolo shi kansa ɗan Unitarian ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗariƙar a kudancin Wales a 1802. Ta wannan fuska taken shaida ce mai kyau a kan da'irar da suka fito, ko da ya gaza zama shaida a kan dubban shekaru.

Mataki mafi wuya shi ne na ƙarni na 18. An sha rubuta cewa iyalin suna da nasaba da Jenkin Jones, wanda ya kafa jama'ar Llwynrhydowen ya gina mata majami'a a 1733, ya rasu a 1742, ɗan 'yar'uwarsa David Lloyd ya gaje shi. Sunayen Jenkin da Jones da Lloyd duk sun sake bayyana a gidan Richard, kuma wuri ɗaya ne, aƙida ma daga tushe ɗaya. Amma tsakanin rasuwar Jenkin Jones da haihuwar Richard a 1799 akwai kusan shekara sittin, a zamanin da ɗan John Evan yake iya zama Evan John, kuma maimaituwar suna a gunduma irin wannan ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Abin da ke cike irin wannan giɓi shi ne wasiyya da takardun hayar ƙasa. Kafin 1858 kotunan coci ne suke tabbatar da wasiyya, Llandysul tana ƙarƙashin bishop na St Davids, kuma wasiyyun Wales na wannan zamani suna Aberystwyth, ana karanta hotunansu a intanet kyauta. Mai wasiyya yakan fara da sunansa da gidansa da gundumarsa, ya lissafa 'ya'yansa da surukansa da jikokinsa, wani lokaci a haɗa da jerin shanu da tumaki da kayan ɗaki da aka yi wa kuɗi. Takardun manyan gidaje masu ƙasa kuma suna nuna wanda ya karɓi hayar gona bayan wane, kuma akwai hayar da ake ƙullawa bisa tsawon rayuwar mutum uku, inda ake rubuta uba da 'ya'yansa biyu da shekarunsu. Mai bin wannan zuri'a zai karanta duk wasiyyun gundumar na tsawon waɗannan shekaru, har da na masu suna John da Jenkin da Evan da David, yana tsara su bisa sunan gona.